Ga Akwatin da Kika Bari, Uwata

Tsafe,
Bakin titin Funtuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗiyata, wadda nake kira Uwata tun ranar da aka raɗa mata sunan mahaifiyata.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Sakkwato lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ki da abokan zama na ƙwarai a jami'ar nan. Innarki tana gaishe ki, yayanki Bello yana gaishe ki. Mu duka lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

To, gaisuwa ta ƙare, saura faɗa.

Ke a tsammaninki ba za mu gane ba? Ranar tafiyarki kin fito da 'yar jakar hannu kamar mai zuwa suna Bilbis, kika ce mana sauran kayan sun yi gaba tare da wata ƙawarki. Ni kuwa na yarda, don ban saba kama ki da ƙarya ba. Shekaranjiya innarki ta shiga share ɗakinki, sai tsintsiya ta bugi ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ta jawo, sai ga akwatinki cike taf: atamfofinki, bargo, risho, da manyan littattafan kimiyyar nan da kika hana kowa taɓawa. Ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya. Ta ce da ni, "Malam, yarinyar nan ba karatu ta tafi ba. Ta je ne ta rubuta suna ta dawo ta ci gaba da ɗiga maka magani a ido."

Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Na san abin da ke ranki tun ranar da muka fito daga wurin likitan ido a Gusau, kika riƙe gefen rigata a mota har muka iso Tsafe kamar ni ne yaron. Don haka ga akwatinki na ba Ɗan'azumi direba ya kawo miki, ga kuma wannan takarda. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta ta har ƙarshe. Rubutun ya yi manya-manya ya kuma karkace, ki yi haƙuri, iyakar abin da idon ya ba ni ke nan.

Labarin wata kalmar Turawa zan ba ki, wadda ta bi ni tun ina saurayi har furfura ta cika mini gemu. Firesha. Kin san ta, tana cikin littattafanki. Ni kuwa duk inda na je neman abinci sai in tarar ta riga ni zuwa, kuma kowane wuri da irin halin da take nunawa. Kullum sai in ce ai na san ta, kullum kuma sai ta kunyata ni.

A Gusau na fara jin ta, a tashar jirgin ƙasa, lokacin jirgi mai cin kwal. Kai, Uwata, ba ki ga Gusau ba! Wannan da kike gani yanzu, tun da aka ba mu jiha ta cika da ma'aikata da ofisoshi da 'yan kabu-kabu, wata Gusau ce daban. A wancan lokacin buhunan gyaɗa da dilolin auduga ne jibge a tasha sun fi gini tsawo. Jirgi in ya taso daga Ƙaura ya yi kuka, har Tudun Wada ana jin sa, mata su ɗauko ƙoren fura da farantan rake su nufo tasha da gudu. Ƙamshin kwal da man inji da soyayyar gyaɗa duk a haɗe. Har yau in Bello ya ƙona roba a wurin faci, wani lokaci sai in ji kamar ina can.

Aikina sharar kan jirgi ne da goge ƙarafa. Maigidana wani dattijo ne mai zuba kwal, Baba Ɗanjuma, baƙi, gajere, ba ya dariya sai in ya ga wani ya ƙone. Shi ya fara nuna mini geji, wani abu kamar agogo mai allura ɗaya da jan layi a gefe. Ya ce, "Wannan firesha ce, ƙarfin tururin da ke cikin tukunya. Ita ke jan jirgi." Na ce to. Ban tambaye shi komai ba, don a gidanmu an koya mini babba in ya yi magana, to ake cewa.

Wata rana da hantsi jirgi yana tsaye ana jiran lodi, Baba Ɗanjuma ya sauka sayen goro. Sai na ji wata ƙara a saman tukunya, fuuuu, tururi yana feshi sama kamar zai tsaga kunne. Na ce shi ke nan, tukunya ta huje, ƙarfin jirgi yana tsiyayewa, kuma ni kaɗai ke wurin. Na jiƙa buhu a ruwa na haye sama da niyyar toshe wurin. Ina kai hannu, sai na ji an fizgo ƙafata, na faɗo tim a kan kwal. Baba Ɗanjuma ne, goro a baki, ido jawur.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Kashe mu za ka yi?"

Na ce, "Baba, firesha ce ke zubewa."

Ya ce, "To bar ta ta zube mana, sakarai! Wannan bawul ɗin don haka aka yi shi. In ta yi yawa ba ta sami hanyar fita ba, tukunyar nan fashewa za ta yi, a tsinci kanka a Sabon Gari, ƙafarka a Tudun Wada."

Sai a lokacin ya ga hannuna ya saɓule, ya kuwa yi dariyar nan tasa. Tabon nan ne na wuyan hannuna, wanda kina ƙarama kike shafawa kina tambaya ko kare ne ya cije ni.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, Uwata, shi ne wannan to ɗin. Ladabi ne, ban ce ki yar da shi ba. Amma a ɗakin gwaje-gwajen da za ki shiga akwai wuta, akwai ruwan da ke cin fata, akwai kwalaben da ba a haɗa su. In malami ya faɗi abu ba ki gane ba, ki ce to, sannan ki ƙara da cewa, "Malam, a sake mini bayani." Na san halinki, kin gado ni wajen nauyin baki a gaban manya. Ki daure ki tambaya ko da 'yan ajin za su yi miki dariya.

Da jirage masu shan man dizal suka fara yawa, aka rage mu. Na yi ta buga-buga har na ji ana neman mai kula da injin ruwa a Bunguɗu. Injin yana bakin gulbi, yana tura ruwa ta bututu zuwa wani babban tanki a kan tudu, daga can ruwan ya gangaro famfunan gari. Injiniyan da ke ɗaukar aiki ya nuna mini geji a jikin bututu ya ce, "Ka san wannan?" Na dubi abin, ga allura, ga lambobi, sak irin na jirgi. Na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, firesha ce. Ai ni a cikinta na girma." Ya ji daɗi, ya ce in kula da ita da kyau, ya hau motarsa ya koma Gusau.

Na tayar da inji. Allura ta fara hawa, tana hawa, tana hawa. Na tuna kai a Sabon Gari, ƙafa a Tudun Wada. Na duba na ga wani bawul a ƙasa wanda in an buɗe shi ruwa ke komawa gulbi, ashe na wanke bututu ne. Na murɗe shi, ruwa ya yi ta kwarara, allura ta sauko ta kwanta. Na ce alhamdu lillahi, na ceci Bunguɗu. Na shimfiɗa tabarma a gindin giginya ina jin kaina wani babban ma'aikaci.

Kwanaki ina wannan aikin. Inji yana ta ruri, mai yana ƙonewa, tanki kuwa ko ɗigo. Rannan da la'asar sai ga 'yan mata sun gangaro da tuluna a kai, sun gaji da jiran famfo sun dawo ɗibar gulbi. Suka tsaya suna kallon ruwan da ke fita daga bututuna yana komawa inda ya fito. Wata siririya a cikinsu, mai tsagar goshi, ta sauke tulunta ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Kai ne aka ɗauko daga Gusau ka riƙa shayar da gulbi ruwa?"

Sauran suka fashe da dariya. Na ce mata ita ba ta san aikin inji ba, firesha nake ragewa. Ta ce, "Ni ban san ta ba, amma na san tuluna ba kowa a ciki."

Wannan mai bakin, innarki ce. Je ki tambaye ta in kin zo, za ta ƙara miki da abin da ban faɗa ba.

Da injiniya ya zo ya ga ɓarnar, bai kore ni ba, Allah Ya saka masa. Ya zaunar da ni ya ce a nan firesha ba abin tsoro ba ce, ita ake nema. Nauyin ruwan da ke cikin bututu ne tun daga gulbi har kan tudu, kuma in allura ba ta hau ba, ruwa ba zai taɓa kaiwa tanki ba. Na ce, "To ai a jirgi in ta yi yawa kashe mutane take yi." Ya ce, "Nan jirgi ne?" Sai na sosa ƙeya.

Kin ga a Gusau rashin sani ne ya ƙone ni. A Bunguɗu kuwa sanin ne ya kayar da ni, don na ɗauko na wani wuri na kawo inda ba nasa ba. Wannan ya fi wancan haɗari, domin wanda bai sani ba yakan yi taka-tsantsan, amma wanda ya ce ya sani ba ya ko waiwaye. Za ki shiga aji wannan malami ya faɗi kalma, ki fita ki shiga wani ajin wani malamin ya faɗi ita wannan kalmar, alhali kowa da abin da yake nufi. Kada ki ce ai na ji ta jiya. Ki tsaya ki ji me ake kira da ita a wannan ɗakin.

Shekarun Bunguɗu su ne mafi daɗi a rayuwata, ba na ɓoyewa. Ɗaki ɗaya gare mu kusa da gidan injin. Innarki takan kawo mini tuwo a akushi, mu zauna muna kallon shanun Fulani suna shan ruwa a ƙetare, ita tana tsokanata wai in tashi in ƙara wa gulbi. A can aka haifi Bello. Da mahaifina ya tsufa na dawo gida Tsafe, na kafa rumfar faci a bakin titi, inda kika buɗe ido kika gan ni.

A nan kam na iya firesha, ba yabon kai ba. Ta tirela daban, ta bas daban, ta babur daban. In na bugi taya da ƙarfe na ji amonta, kafin in sa geji na san abin da zai nuna. Aikin kuma ga yadda yake: mota ta tsaya, ka auna, in iska ta yi kaɗan ka ƙara, in ta yi yawa ka sace ta, ka bugi tayar da tafin hannu ka ce wa direba Allah Ya kiyaye hanya. An gama. Ba ka sake tunanin wannan tayar. Shekara da shekaru ina haka, har abin ya zauna mini a kai cewa duk wata firesha ta duniya haka ake yi mata.

Shi ya sa lokacin da innarki ta fara ciwon kai da jiri, muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta naɗa mata wani ƙyalle a dantse tana matsa 'yar roba fus, fus, kamar mai ba keke iska, na ji ta ce firesha ta hau, sai na saki jiki. Na ce ashe abin gida ne. Hawan jini, in ji su. Aka ba ta ƙwayoyi. Bayan wani lokaci muka koma aka auna aka ce ta sauka. Muna fitowa na ce mata, "To shi ke nan, an sace ta, sai ki huta da haɗiyar ƙwayoyin nan."

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon bakin gulbi, ta ce, "Malam, ni ba tayar tirela ba ce. Matar nan ta ce in sha kullum, kullum zan sha. Ka shayar da gulbi, ba za ka shayar da ni ba."

Ga ta nan har yau garau, tana daka tana surfe, tana yi mini faɗa. Da na ɗauki darasi a wurinta, da yanzu ba wannan takardar nake rubutawa ba.

Kin tuna lokacin da kika dawo hutu daga sakandare, kina aji huɗu ko biyar, kika same ni a rumfa ina cika baki a gaban direbobi cewa ba wanda ya kai ni sanin firesha a ƙasar Tsafe? Kika bari suka watse, sannan kika matso kika ce, "Baba, kawo hannunka." Na miƙa. Kika danna mini babban yatsanki a tafin hannu kika ce, "Da zafi?" Na ce a'a. Kika zaro allura daga gefen ɗankwalinki kika ɗora tsininta a wurin, kika danna kaɗan. Na fizge hannu na ce, "Ke, ba ki da hankali?" Kika yi ta dariya har da riƙe ciki. Kika ce ƙarfin da kika sa ɗaya ne, wurin da ya sauka ne ya bambanta, na yatsa ya bazu, na allura ya taru a wuri guda. Kika ce wannan ita ce firesha a wurin masu kimiyya, kuma ta tukunya da ta ruwa da ta taya duk 'ya'yanta ne. Har kika ce shi ya sa raƙumi ba ya nutsewa a yashi, jaki kuwa yana nutsewa.

Na ce miki ki tafi can da surutun 'yan boko. Amma da kika juya, wallahi sai da na bi ki da kallo har kika shige gida. A ranar na ce a raina, yarinyar nan in ina da rai sai ta kai ƙarshen karatun nan. Ban taɓa gaya miki ba, yau na gaya miki.

Saura ta ido, wadda kika san rabinta.

Bara ne na fara lura abubuwa suna ɓullo mini ta hagu ba tare da na ga tahowarsu ba. Rannan ɗan kabu-kabu ya kusa kwashe ni a gaban rumfata, yana ta zagi, ni kuwa wallahi ban gan shi ba sai da ya iso. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba ja. Bello ya matsa na je Gusau. Likitan ya kwantar da ni, ya ɗiga mini wani ruwa, ya ɗora wani ɗan ƙaramin ƙarfe a kan ƙwayar idona, mai 'yar allura tana motsi. Na ce, "Likita, wannan ai geji ne." Ya yi murmushi ya ce geji ne, kuma firesha ta yi yawa a idanuna duka biyu, abin da ake kira hawan jinin ido. Ya ba ni 'yar kwalba ya ce in riƙa ɗigawa safe da yamma, kada in bari, in ta ƙare in sayi wata, in kuma dawo a sake aunawa.

Ya faɗa, ban ce bai faɗa ba. Na kuma ce to. Amma kunnen mai faci ne ya saurare shi. Na ɗiga kwalba ɗaya ta ƙare, ban ji ciwon komai ba, na ce an sace ta, Allah Ya kiyaye hanya. Ga wahalar man fetur ta sa shiga mota zuwa Gusau ya zama aiki, sai na sami abin fakewa. Innarki ta yi magana, na ce mata nata jini ne, nawa ido ne, kowa ya ji da nasa.

Zuwa na biyu tare da ke aka yi, kin ji abin da ya ce. Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ya ragu, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Kin tuna da na ce masa, "Likita, ba za a huda a sace ta gaba ɗaya a huta ba?" Ya ce ido kullum yana haifar da ruwa a cikinsa, kullum kuma ruwan yana fita ta wata 'yar magudana. Tawa magudanar ce ta toshe. Maganin yana rage ruwan ne na wannan yinin kawai, gobe sai an sake. Ina jin haka na ce a raina, kai Garba, ai wannan ya fi kama da aikin Bunguɗu, inji ne da ba a kashe shi, kai kuma ka yi masa aikin taya. Da na yi tambaya ɗaya a zuwan farko, da ta ishe ni.

Tun daga ranar kika karɓe kwalbar, ke ce safe, ke ce yamma. Takardar jami'a ta zo, kowa yana murna, ke kina kallon idona. To, saurara da kyau, Uwata, don nan ne maganar take.

Zamanki a Tsafe ba zai dawo da idon hagu ba. Likita ya faɗa a gabanki. Na dama kuwa ɗigo yake so, kuma ɗigo ba ya tambayar hannun wa ya zuba shi. Innarki ta karɓi aikin. Ta ɗaura kwalbar a jikin carbinta, in ta sallame Asuba ta zo kaina, in ta sallame Magariba ta zo kaina. Hannunta yana ɗan rawa, rabi a ido rabi a gemu, har na ce mata gemun nan ya kusa fara gani. Amma ba ta taɓa tsallakewa ba, kin kuwa san ta, ko gudu na yi sai ta kamo ni. Bello ya karɓi rumfa, ni ina zaune a benci ina jin amon taya ina gaya masa wadda ba ta cika ba. Shi zai riƙa kai ni Gusau duk lokacin da likita ya sa, ko da a kan babur ne.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin tsoro. Wani lokaci in na rufe idon dama don in gwada, duhun da nake gani yakan sa in buɗe shi da sauri. Mai yiwuwa maganin ya riƙe abin da ya rage har ƙarshen raina, mai yiwuwa kuma ya ƙi, Allah kaɗai Ya sani. Amma akwai abin da na fi tsoro. In kika dawo kika zauna, duk sanda na ji takunki a tsakar gida zan san cewa taurin kaina ne ya cinye idona, sannan ya haɗa da karatunki. Na farkon zan iya ɗauka, na biyun ba zan iya ba. Kada ki ɗora mini shi, don Allah.

Kuma kewarki nake yi, kada ki ce ban damu ba. Gidan ya yi shiru, ba mai yi mini gardama sai innarki, ita kuwa na riga na haddace duk nata. Ranar da muka raka ki tasha kin ce, "Baba, lafiya kake kallona haka?" Na ce ba komai. Ajiya nake yi, Uwata. Na kalli goshinki irin na innarki, da ɗan tabon haɓarki na faɗowa daga kan tayar tirela, da yadda kike cije leɓe in kina ɓoye magana. Na adana su inda firesha ba ta kaiwa. Ko me ya faru, na riga na gan ki.

Sauran nasiha kin san ta. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce karatu ya hana ki, innarki ta cusa miki ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa a gefen akwatin. Ki zauna lafiya da 'yan ɗakinku ko daga wace ƙasa suka fito. In an tambaye ki sana'ar ubanki, ki ce faci yake yi a bakin titin Tsafe, ki faɗa da ƙarfi. In kin ga kin fi wani ganewa kada ki yi masa dariya, ki tuna ubanki ya taɓa shayar da gulbi.

Aiki ɗaya na ba ki. Ki je ki koyo mini kalmar nan tun daga tushenta, ta tururi, ta ruwa, ta iska, ta jini, har da ta ido in akwai masu koyar da ita a nan, ki bi su ki tambaya. Na gaji da saninta gutsi-gutsi. In an yi hutu ki zo ki zaunar da ni a rumfa ki yi mini bayani dalla-dalla, wannan karon ba zan ce to ba sai na gane, kuma ba zan kore ki ba. In lokacin ina iya ganin zanen da ke littafin, alhamdu lillahi. In kuma ba na iyawa, ba abin damuwa ba ne, ki kama hannuna ki nuna mini a tafi kamar yadda kika yi da yatsa da allura. A nan na fi ganewa tun asali.

Makullin akwatin yana hannun Ɗan'azumi, na ce kada ya baro ƙofar makarantar sai ya ga an shigar da shi ɗakinki. Na kuma gaya masa, da shi da duk direbobin layin Sakkwato, duk wanda ya ɗauko mini ke kafin hutu, kada ya ƙara kawo tayarsa rumfata.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa abin da za ki koya ya amfane ki ya amfani jama'a. Allah Ya yi miki albarka, Ya sada mu da alheri. Amin.

Ki buɗe akwatin ki jera kayanki, Uwata. Sai an yi hutu. Hannun yana nan, zan ajiye miki shi.

Ni ne mahaifinki,
Garba mai faci.